Ramin da ya zama rijiya: yadda aka gina garejin gida a Kumasi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, boga ne. Haka mutanen Kumasi ke kiran wanda ya yi zaman Turai ya dawo, kuma kalmar daga sunan birnin Hambag na Jamus ta fito, inda shi ma ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aiki a rumbunan kaya. Da ya dawo gida, abin da ya fi ji da shi cikin kayansa shi ne akwatunan ƙarfe uku cike da sifanu da sauran kayan aiki, kowanne da gurbinsa. Burinsa ɗaya ne: ya tayar da motar mahaifinsa, Mercedes-Benz 230E ƙirar 1982, wadda ta yi shekaru a gindin mangwaro a gidanmu na gado a Aboabo, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ba sana'a yake nema ba. So yake ya sami ɗaki a gidansa inda zai kwance motar da hannunsa, ya bar ta a kwance wata shida idan ya ga dama, ba mai ce masa ya matsa.

Ni ne na riƙe masa littafin kashe kuɗi, tun ranar da aka ja igiya a watan Janairun 2022 har aikin ya kammala bayan shekara guda da 'yan watanni. Ni ake aika sayen siminti, ni ake aika kiran magini, ni kuma ake yi wa faɗa idan wani abu ya ɓaci. Saboda haka abin da zan faɗa a nan na gani da idona.

Mai karatu zai iya tambaya, mutumin da ke zaune a Kumasi me ya haɗa shi da gina gareji a gida? Ga Magazin a Suame, unguwa sukutum ta fitoci, wato makanikai, da masu walda da masu tura inji da masu sayar da kayan gyara, ɗaya daga cikin manyan matattarar masu gyaran mota a Afirka. Sunanta ma gado ne daga ma'ajiyar makaman Turawan mulkin mallaka. Babu abin da ke jikin Benz da ba za a samu ko a ƙera a can ba. Kawu bai musanta haka ba. Damuwarsa ita ce Magazin wuri ne na motar da ke neman abinci, wadda mai ita ke son ta koma titi kafin la'asar. Motar da za ta yi wata da watanni a kwance kuwa, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, yau a ari ƙusa ɗaya a jikinta, gobe a ari madubi, ba da mugunta ba, haka kawai wurin yake tafiya. Wannan hujja tasa na yarda da ita tun farko, har yanzu ma ina kanta.

Fili da zane

Gidan Kawu yana wajen Asokore Mampong, fuloti mai ƙafa 100 da 70, a gangare kaɗan, can ƙasa da shi akwai fadama. Kamar yawancin filayen Kumasi, ƙasar sarauta ce, hayar shekara 99 aka ba shi, kuma takardar ta ce wurin zama ne. Wannan kalma ta wurin zama za ta dawo daga baya. A gefen gidan akwai tsiri mai faɗin ƙafa 18 tsakanin bangonsa da katangar maƙwabciyarsa, wata Hajiya da ke dafa wake da shinkafa na sayarwa tun kafin asuba. Nan aka zaɓa.

Malamai biyu Kawu ya ɗauka, kuma kowannensu ya koya masa abin da bai dace da wurin ba. Na farko shi ne abin da idonsa ya gani a Jamus: ɗaki a rufe ruf, ƙofa ɗaya mai naɗewa sama, babu taga, rufi ƙasa-ƙasa don ɗumi ya zauna. Na biyu wani tsohon masta ne na Magazin, wanda ya yi wa mahaifinsa aiki a kan wannan motar tun tana sabuwa. Da Kawu ya nuna masa zanen, sai ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ina ramin? Fita ba ya aiki a kwance kamar mai jinya. Ka haƙa rami ka tsaya da ƙafarka a ƙarƙashin mota." Kawu ya ji maganar ta shige shi. Aka ƙara rami a tsakiyar zanen: tsawo ƙafa 12, faɗi ƙafa 3, zurfi ƙafa 5. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa ramin Masta a fili yake, a kan tudu, iska na kaɗawa ta ko'ina, shi kuwa namu za a sa shi cikin ɗaki rufaffe a bakin fadama.

Girman ɗakin kam an dace da shi. Motar tana da tsawon mita 4.7 da faɗin kusan mita 1.8, wato ƙafa 15 da rabi da kuma ƙafa 6. Aka yanke ƙafa 24 da 16. Hakan ya bar wurin buɗe ƙofofi duka biyu, da teburin aiki mai zurfin ƙafa 2 a jikin bango, da sarari a gaba inda za a ajiye inji idan an fito da shi. Daɓen ma Masta ya tsaya a kai sai da aka yi inci 6 da rodi a ciki, domin duk nauyin mota kan taru ne a kan ƙafafun ƙarfe huɗu masu ɗan tafi kamar na yaro. An haɗa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ya ci buhu talatin da 'yan kai na mai kilo 50, aka riƙa ba shi ruwa safe da yamma, aka hana kowa ɗora masa nauyi sai da ya cika kwana 28. Magini ya yi ta ƙunƙuni cewa ba bene ake ginawa ba. A duk aikin, wannan daɓe ne kaɗai ba mu sake taɓawa don kuskurensa ba.

Ranar da aka fara haƙa, Hajiya ta leƙo ta kan katanga ta gaishe da ma'aikata, sannan ta ce da Kawu, "Alhaji, rijiya kake haƙawa? Ai da ka ce, ka riƙa ɗiba a tawa." Aka yi dariya. Ta ƙara da cewa idan damina ta kankama, ruwan rijiyarta kan taso har ba ta buƙatar dogon igiya, guga kawai take miƙawa. Kawu ya yi mata godiya irin ta ladabi, ya koma kan aikinsa. Hunturu ne, ƙasa ja ce busasshiya, sai da diga take fashewa. A ƙafa ta biyar magini ya damƙo ƙasa ya nuna mana ta ɗan yi sanyi, tana dunƙulewa a hannu. Na rubuta a littafi, "ƙasan rami da ɗan laima", na wuce. Aka jera bulo mai inci 6, aka yi masa shafe, aka yi matakala uku. Ya yi kyau sosai.

Jan fenti

Bango ya kai linta sai muka wayi gari da rubutun jan fenti a jikinsa, irin wanda duk mazaunin Ghana ya sani: a dakatar da aiki, a kawo takardar izini. Kawu ya fusata, ya ɗauko takardar izinin gidansa. Amma wannan ta gida ce, ba ta ƙarin gini ba. Dokar amfani da ƙasa da tsara wurare ta 2016, wadda ake kira doka ta 925, da dokar ƙananan hukumomi ta wannan shekarar, ta 936, sun ɗora wa majalisar yanki alhakin ba da izini kafin a yi gini, kuma ɗaki mai harsashi da rufi gini ne ko da mota ce za ta kwana a ciki. Laifin namu ne. Sai da aka nemi mai zane ya fitar da taswira, aka haɗa takardun fili, aka shigar, aka jira.

Jiran ya ci kusan wata biyu, kuma a shekarar da ta fi kowace rashin dacewa da jira. A 2022 sidi, kuɗin Ghana, ya yi ta zubewa, har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Duk lokacin da na koma shagon siminti ko na rodi sai na tarar da sabon farashi, mai shago na rantsuwa cewa shi ma haka ya saro. Kwanon rufin da muka yi cinikinsa a Fabrairu ba mu biya ba, da muka koma sai da aka rage kaurinsa kafin kuɗin ya isa. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne mai zanen ya ƙi sa hannu a kan ɗaki marar taga. Da ƙyar ya shawo kan Kawu aka buɗe tagogi biyu, aka ɗaga rufin zuwa ƙafa 9.

Ramin

An gama rufi a ƙarshen Mayu. Cikin Yuni, bayan ruwan kwana uku, na buɗe ƙofa da safe na ga hasken taga yana rawa a cikin ramin. Ruwa ne ya kai gwiwa. Muka duba rufi, ba ɗigo. Muka duba bakin ƙofa, a bushe. Ruwan kuma garau yake, ba irin jan ruwan da ke gudu a titi ba. Ta jikin bulo yake tsattsafowa, ta layin da bango ya haɗu da ƙasa. Kafin mako ya zagayo ya kai ƙugu. Aka sayo famfo aka zuƙe, washegari ya dawo daidai inda yake, domin ba ruwan sama muke zuƙewa ba, ruwan ƙasar unguwa ne gaba ɗaya, wanda ke cikin rijiyar Hajiya. Sauro ya samu gida. Matar Kawu kuwa ba sauro ne ya dame ta ba, jikokinta ne masu rarrafe da masu tatata. Ta sa aka rufe ramin da katakai, ta karɓi mabuɗin ɗakin ta ɗaure a bakin zanenta.

Damina biyu ake yi a Kumasi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, a tsakaninsu Agusta kan ɗan tsagaita. A wannan tsagaitawar ruwan ya ja baya, Kawu ya ce ai ga shi nan, matsalar 'yan makonni ce a shekara. Aka jawo Benz daga Aboabo aka ɗora ta kan ramin. Aikin farko shi ne sauya famfon mai da matatarsa, waɗanda ke can ƙarƙashin motar ta baya, kusa da tanki. Wannan ƙira ba kafireto gare ta ba, tsarin K-Jetronic na kamfanin Bosch ne, mai tura fetur da matsin da ya ninka na iskar taya fiye da sau biyu, kuma ko an kashe inji akwai sauran matsi a bututu. Masta ya aiko da yaronsa ya taimaka. Sun zuba sabon mai sun gwada tsohon famfon, sannan yaron ya shiga rami ya sassauta bututu. Fetur ya feso, ya zuba ƙasa. Bai fi cikin kofi biyu ba.

Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya nemi wuri mafi zurfi ya kwanta, kuma a ɗakin nan babu wuri mai zurfi sai inda yaron ke tsaye, mota ta rufe samansa kamar murfin tukunya. Bayan 'yan mintoci ya ce, "Baba Alhaji, kaina na juyawa." Muka jawo shi waje ya zauna a inuwa yana haki. Sai a lokacin na ga abin da ke hannunsa: fitilar ƙwai mai zafi, da doguwar waya wadda aka yi wa ɗauri da leda a wuri biyu. Da ƙwan nan ya bugi ƙarfe ya fashe, da labarin da nake ba ku wani ne daban. Duk wanda ya ga hotunan gobarar gidan mai ta Sakul a Accra, ranar 3 ga Yunin 2015, inda ambaliya ta kwashi mai ta kai wa wuta, mutane fiye da 150 suka rasu, ba sai an yi masa bayanin abin da fetur ke yi idan ya sami hanya ba. Kawu bai ce komai ba ranar. Da daddare ya kira ni ya ce in nemo masa injiniyan nan da muke sallah tare.

Injiniyan ya shimfiɗa mana hanyoyi uku. Ta farko a fasa ramin a sake zuba shi da kankare mai rodi, bango da ƙasa a haɗe kamar kwano guda, a naɗe bayansa da abin hana ruwa, a sa masa bututu da fanka mai zuƙe iska daga ƙasa. Ya ce zai yiwu, amma mu yi lissafi: rami mai ƙafa 12 da 3 da 5 yana cin ruwa wajen lita 5,000, kuma idan ruwan ƙasa ya taso kusa da baki, zai riƙa tura shi sama da ƙarfin kusan tan 5, tamkar kwalekwale. Ramin da ba ya yoyo dole ya yi nauyin da ba zai taso ba, ko a ɗaure shi da daɓen. Kuɗin ya kusa na ginin ɗakin kansa. Sannan fankar da lantarki take aiki, mu kuwa da muka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, daga 2012 zuwa 2016 mun san ba a jingina ran mutum da wutar da ba ta sallama idan za ta tafi.

Ta biyu ita ce injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu, wanda Kawu ya fi so a ransa. Nan rufin ya kashe maganar. Irin wannan inji yana son sarari na kusan ƙafa 12 zuwa sama, namu ƙafa 9 ne. Ƙari a kan haka, ƙusoshin da ke riƙe ginshiƙan suna buƙatar kankare lafiyayye mai nisa da gefe, mu kuma mun yanka tsakiyar daɓenmu da rami, daidai kusa da inda ƙafafun za su zauna. Wato ramin bai tsaya ga ƙin yin amfani ba, har ya toshe hanyar abin da zai maye gurbinsa.

Ta uku a cike shi. Ita aka bi, amma sai da aka jira hunturu ya dawo ƙasa ta bushe. Aka zuba fasassun duwatsu, aka bi da jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddaƙawa, aka shimfiɗa leda mai kauri, aka huda gefen tsohon daɓe aka cusa rodi don sabo da tsoho su riƙe juna, aka zuba kankare. A madadinsa Kawu ya sayi jak mai taya na tan 3, da ƙafafun ƙarfe huɗu masu maƙalli, ya sa aka ƙera masa matakan hawa biyu na ƙarfe a Magazin, da wani allo mai ƙananan tayoyi da ake kwanciya a kai. Ya kafa doka cewa ba mai shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kuma ba a tokare ta da bulo, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. Da na tattara abin da ramin ya ci, haƙa da gini da famfo da cikewa, ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk kuɗin aikin.

Iska, wuta, da murhun Hajiya

Bayan abin da ya faru da yaron, Kawu ya koma ɗaya gefen gaba ɗaya, ya ce a fasa bango a jera bulo mai huji sama da ƙasa ta kowane ɓangare. Tunanin daidai ne. Zafi da hayaƙin salansa ta sama suke fita, tururin mai ta ƙasa, kuma hayaƙin inji a ɗaki rufaffe yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashewa cikin ruwan sanyi. Magini har ya ɗaga guduma a bangon gabas sai matar Kawu ta ce, "Alhaji, ka san abin da ke bayan bangon nan kuwa?" Ƙafa biyu ne tsakaninsa da katanga, bayan katangar kuma murhun Hajiya ne, manyan tukwane a kan itace tun ƙarfe uku na dare, katangar ma da ramukan fitar ruwa a gindinta. Da mun buɗe huji a nan, da mun yi wa tururin fetur hanya har bakin wuta. Aka bar gabas a toshe daga ƙasa, aka buɗe ta yamma da ta bakin ƙofa, na sama kuwa aka yi su ko'ina. Ita ma motar da baya ake fito da wutsiyarta waje kafin a tayar da ita, kada hayaƙi ya bi abincin mutane. Hujin ya kawo nasa ciwon: ƙurar hunturu, da laimar damina mai sa sifana tsatsa cikin mako. Maganinsu kabad mai rufi, da tsumma mai ɗan mai da ake shafe kayan aiki da shi kafin a mayar.

A kan lantarki ba mu yi gardama ba, mun riga mun tsorata. Aka kira mai wayarin da ke da shaidar Hukumar Makamashi, kamar yadda ƙa'idar wayarin ta 2011 ta tanada. Ya ja wa garejin layinsa daban da waya mai kauri, ya sa masa akwatin katse wuta nasa, da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum, mai miliamfiya 30, ya kafa sandar ƙasa. Soket duka a tsayin ƙugu, ba ko ɗaya kusa da daɓe. Shi ne kuma ya gano wani abu da ya wuce mu duka. Kayan Jamus da na Ghana wutarsu ɗaya, bolt 230, don haka Kawu ya ɗauka ba matsala. Amma fulogin Jamus ƙafa biyu ne zagayayyu, wayar ƙasarsa a gefe take, soket ɗinmu kuwa irin na Ingila ne mai ƙafa uku. Idan aka cusa shi da tsinke kamar yadda muka saba, inji zai yi aiki, amma jikinsa na ƙarfe ba shi da kariya ko kaɗan. Aka yanke kawunan duka aka sauya. Ya kuma ja kunnenmu kan kayan hannu na Amurka da ake sayarwa da araha, masu bolt 120, waɗanda ke ƙonewa a tashin farko. Kwamfaresa kam har yau idan ta tashi sai fitilun gida sun ɗan lumshe. An sa kwano biyu masu shigo da haske a rufi, da fitilu masu batir marasa zafi, don kada ɗaukewar wuta ta sami mutum a ƙarƙashin mota cikin duhu.

Sauran ƙananan abubuwa ne. An ɗaga daɓen ƙafa guda sama da titi saboda ruwan gota, sai gangaren shiga ya yi tsaye har salansa na gogar ƙasa, aka tsawaita shi. Ƙofar ƙafa 8 ce, da ta zama 10 da Kawu bai riƙa riƙe numfashi ba duk lokacin da zai shiga. Baƙin mai a durom ake tara shi, masu buga bulo da masu yankan katako na zuwa su ɗiba, ba a zuba ko ɗigo a gota, tunda duk abin da ya shiga gota a rafi yake ƙarewa. A bakin ƙofa akwai tukunyar kashe gobara mai gari da bokitin yashi.

Abin da babu shi a zane ko kaɗan shi ne jama'a. Zango ba a ɓoye abu. Wata biyu da buɗewa, garejin ya zama majalisa: ana dafa ataya, matasa na zuwa kallon inji, wannan ya kawo Corolla a ji masa wata ƙara, wancan ya zo aron sifana mai lamba 10 wadda ba ta taɓa dawowa. Wata Asabar na ƙirga motoci huɗu a layin, ɗaya ta tare ƙofar Hajiya a lokacin cinikinta. Ba ta yi faɗa ba, ta aiko wa Kawu da kwanon wake da shinkafa da gaisuwa, ya kuwa gane saƙon. Nan kalmar wurin zama ta dawo: gyaran motarka a gidanka abu ne, tara motocin mutane kuma wani abu ne da ke neman izini daban, ga shi yana taɓa abincin fitocin unguwa. Kawu ya yanke cewa ba ya karɓar ko sisi, motar wani ba ta kwana, ba a buga ƙarfe bayan magariba ko ranar Juma'a kafin a sauko, kayan aiki kuma ba sa ƙetare bakin ƙofa. Mai so ya zo ya yi amfani da su a nan ya goge ya mayar. Wasu sun ji haushi, sun ce boga ya dawo da halin Turawa. Biyu daga cikin matasan dai sun lizimci wurin, ɗayansu yanzu shi ke ɗaure ƙusoshin taya da sifana mai awo ba tare da an tsaya a kansa ba.

A ganina, tambayar da ta kamata a fara yi tun kafin a ja igiya ita ce: wane aiki ne za a yi a nan, wanne za a bar wa Magazin? Mutumin da ke da Suame a nisan tafiyar turoturo, ƙaramar bas ta haya, ba ya buƙatar ɗakin da zai iya komai. Birki, wayoyi, layin mai, lagireto, kujeru, gyaran saman inji, duk ana yin su a kan ƙafafun ƙarfe cikin natsuwa, kuma su ne aikin da ke son haƙuri da wuri mai tsabta, abin da gida ya fi kasuwa da shi. Sauke giyabos, walda a ƙarƙashin mota, fenti, tura inji, waɗannan na masu wurin ne da kayan aikinsu. Da an raba haka a takarda, da ba a haƙa ramin ba ko da ƙasar ta bushe ƙayau. Kawu bai yarda da ni gaba ɗaya ba. Yana cewa da fulotinsa na kan tudu ne da ramin na nan, kuma Masta na goyon bayansa. Ni kuma ina tuna masa cewa tudu na maganin ruwa ne, ba ya maganin tururi a ɗaki mai bango huɗu.

Benz ta tashi a watan azumin da ya biyo baya, da hayaƙi da tari, sannan ta daidaita. Tana zuwa masallacin Juma'a, tana zuwa ɗaurin aure, ta je Ejisu ta dawo. Giya ta biyu tana ƙara idan inji ya yi zafi, kuma an riga an yi magana da Masta, bayan sallah za a kai masa ita Suame ya sauke giyabos a kan nasa ramin. A garejin kuwa, duk watan Yuni wani zane mai kusurwa huɗu kan fito a tsakiyar daɓe, ƙafa 12 da 3, ya ɗan fi sauran wurin duhu. Idan Hajiya ta shigo gaisuwa takan tsaya a kansa ta tambayi Kawu ko rijiyarsa na nan lafiya.